Yadda zaka ce "ina da" da "nawa ne" da Rashanci, don masu hulɗa da alhazai a Makka da Madina

Duk wanda yake tsaron shago kusa da Harami, ko yake aiki a funduƙ (otal), ko yake tura arabiyya (keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya), ya san yadda alhazai masu jin Rashanci suka yi yawa yanzu. Rasha kaɗai kujerun Hajjin da take samu a shekarun nan sun kai wajen 25,000, da yawansu daga Dagistan da Ceceniya da Tataristan, ga kuma mutanen Uzbekistan da Kazakistan da Kirgizistan da Tajikistan da suke cika gari lokacin Umara, su waɗannan kowa da yarensa amma tunda a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat suka zauna har 1991 yawancin manyansu suna jin Rashanci sosai. Kuma da yawa ba Larabci ba Turanci. Toh in ka lura maganar da take haɗa mu da su bata wuce kana da kaza, babu, gobe za a samu, jakar nan ta waye, taka ce ko ta matarka. Shi yasa a ganina duk mai son fara Rashanci a nan, bayan gaisuwa da ƙirga, maganar mallaka ya kamata ya fara kamawa.

Abu na farko, kar ka ɓata lokaci kana neman kalma ɗaya da take nufin "ina da". In ka buɗe ƙamus zaka ga imyet (иметь), amma wannan ta takardun ofis ce da maganar doka, kamar ace mutum yana da haƙƙin yin kaza, ba wanda zai shigo shagonka ya tambaye ka dabino da ita. Abin da suke cewa shi ne u minya yest (у меня есть), wato a wurina akwai. Kaga kenan mu abin bai zo mana baƙo ba, da Hausa muna cewa akwai shi a wurina, da Larabci kullum muna cewa indi, kuma fi da mafi na Larabci, wato akwai da babu, da muke yi dare da rana a kasuwa su ne dai yest da nyet. Bature ne yake wahala a wannan darasin, mu kam a gida ya same mu.

Sai ka haddace su a jere kamar karatun allo. U minya a wurina, u tibya a wurinka ko wurinki, u nivo a wurinsa, u niyo a wurinta, u nas a wurinmu, u vas a wurinku, u nikh a wurinsu, kh ɗin nan irin ta Larabci ce ta khamsa. Harafin v ɗin ne zai ɗan ba ka aiki tunda bamu da shi, ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka fitar da murya, kar ka mayar da shi b. Kuma don Allah a kula, u tibya ta aboki ce da yaro. Dattijo, ko hajiya, ko duk wanda baka sani ba, u vas zaka ce masa ko shi kaɗai ne, kamar yadda muke cewa babba "kun tashi lafiya". Mutanen Kaukasas (su Dagistan da Ceceniya) da tsakiyar Asiya (su Uzbekistan) suna ɗaukar girmama manya da muhimmanci ƙwarai, in ka ce wa tsohonsu tibya zai ji wani iri ko bai nuna maka ba.

Tambaya bata buƙatar wata kalma kamar shin, murya kawai ake ɗagawa a kan yest. Alhaji zai ce maka u vas yest finiki, kuna da dabino? U vas yest cotki, kuna da carbi? U vas yest kovrik, kuna da darduma? Duk inda na rubuta c irin ta Hausa ce ta ciki da cinya. Amsa kuma gajeriya ce, yest ko nyet, shikenan ciniki ya fara. Abin daɗin shi ne bayan yest sunan kayan baya canzawa, yadda ka gan shi a ƙamus haka zaka faɗe shi.

Inda aikin yake shi ne wurin babu. In ka ce u minya nyet, ba ni da, dole ƙarshen sunan abin ya canza. Wanda ya yi nahawu a islamiyya zai gane da sauri, i'irabi ne, yadda kalma take ɗaukar rufu'a ko fataha ko kisira gwargwadon matsayinta, sai dai su Rashawa hali 6 gare su. Wanda ya shafe mu a nan sunansa raditilni, kuma shi ne na mallaka da na rashi gaba ɗaya. Ƙa'idar a sauƙaƙe: kalmar da ta ƙare da baƙi ka ƙara mata a, paspart ya koma nyet pasparta, klyuc mabuɗi ya koma nyet klyuca. Wadda ta ƙare da a sai a ɗin ta koma i, vada ruwa ya zama nyet vadi, sumka jaka ta zama nyet sumki, zdaca wato fakka, canjin kuɗi, ta zama nyet zdaci. Wadda ake rubutawa da o a ƙarshe ta koma a, kamar место wuri, nyet myesta, ba wuri, wannan masu motoci da masu funduƙ zasu ji daɗinta. Akwai 'yan kaɗan da basa bin wannan hanya kuma su aka fi faɗa, gara ka haddace su ɗungurungum kar ka tsaya tambayar dalili: nyet dyenik ba kuɗi, nyet vryemini ba lokaci, nyet finikaf ba dabino. Gaskiya ko ka manta ka ce nyet sumka za su gane ka, ba wanda zai fasa ciniki don haka, amma ran da ka faɗe ta daidai zaka ga fuskar mutumin ta canza, sai ya saki jiki da kai.

Na jiya da na gobe ba wuya. Yest ɗin ake cirewa a sa bil in abin namiji ne, bila in mace ce, bili in suna da yawa. U minya bil klyuc, da ina da mabuɗi. Na gobe kuma budit, zaftra budit, gobe za a samu, wannan jimlar ita kaɗai tana dawo maka da mai saye. In korewa ne ba ruwanka da namiji ko mace, nye bila (не было) a ja muryar a kan nye, da kuma ni budit, sannan sunan abin ya ɗauki ƙarshen nan irin na nyet, fcira nye bila vadi, jiya ba ruwa.

Yanzu ga wurin da nake so a nutsu, domin ya wuce maganar ciniki. Ba kullum ake sa yest ba. Ana sa ta ne in ana maganar akwai ko babu. In kowa ya san abin yana nan ana bayanin yadda yake ne, sai a jefar da ita, u minya novi tilifon, wayata sabuwa ce. Haka in maganar ciwo ce, kuma wallahi wannan zai iya ceton rai lokacin zafi a Mina da Arfa ko cikin cunkoson ɗawafi, tunda tsofaffi ne da yawa. In ka ji u minya balit galava, kaina ke ciwo, balit naga ƙafa ce, balit syertse zuciya ce kenan a nemi masu agaji da gaggawa. U nivo timpiratura yana da zazzaɓi, u niyo davlyeniye matsalar hawan jini ce, u nivo diabyet ciwon suga. Masu tura arabiyya ku ne kuka fi kusa da waɗannan bayin Allah, in ma ba abin da zaku ɗauka a rubutun nan ku ɗauki waɗannan.

Sannan jerin kalmomi yana canza magana. U minya yest klyuc, ina da mabuɗi. Amma klyuc u minya, mabuɗin yana wurina, wato wanda ake nema ɗin. Paspart u vas, fasfon yana wurinku? Ba sai na yi dogon bayani ba tunda haka muke yi da Hausa.

Toh sai nawa da tawa. A nan ma Hausa ta riga ta share mana hanya, don mun saba cewa littafi nawa, riga tawa, abin da aka mallaka shi yake zaɓar kalmar. Su ma haka ne, moy na namiji, maya ta mace, mai na jam'i a faɗe ta ma-i, sai dai suna da jinsi na uku wanda ba namiji ba mace, nasa shi ne mayo. Moy paspart, maya sumka, mayo myesta, mai dyengi. Yadda zaka gane jinsin ma ya yi kama da namu, kalmar da ta ƙare da a ko ya yawanci mace ce, wadda ta ƙare da baƙi yawanci namiji, mai o ko e a rubuce ita ce ta ukun. Akwai masu saɓawa, papa baba da dyadya kawu maza ne duk da a ɗin, moy papa za a ce, kamar yadda gida da ruwa suke maza a wurinmu. Naka shi ne tvoy, tvaya, tvayo, tvai. Namu nash, nasha, nashe, nashi. Naku, wanda kuma shi ne na girmamawa, vash, vasha, vashe, vashi. Nasa da nata da nasu su ne masu sauƙin kai, yivo, yiyo, ikh, basa canzawa ko me aka haɗa su da shi. A lura yivo da г ake rubuta shi (его) amma v ake faɗa, kuma in u ta zo gabansa sai n ta shigo ya zama u nivo, shi yasa ka ga bambanci da na sama.

Ga yadda zasu yi maka amfani a bakin funduƙ ko wurin sauke kaya daga bas. Eta vash cimadan, akwatinku ne wannan? Eta vasha sumka, jakarku ce? In baka san mai abu ba sai ka ɗaga shi ka ce cey eta tilifon, wayar waye, ko cya eta sumka, jakar waye, na jam'i cyi, na ukun cyo. In kuma baka tuna jinsin ba ka nuna abin kawai ka ce eta vashe, naku ne? Amsa zata zo mayo ko ni mayo, nawa ne ko ba nawa ba.

In mai abin suna gare shi, jerin irin namu ne, abu a gaba mai shi a baya, bambancin kawai mu a jikin abin muke liƙa n ko r, fasfon Ahmad, jakar Fatima, su kuwa sunan mai abin suke taɓawa da ƙarshen nan dai da muka koya a wurin nyet. Paspart Akhmeda, sumka Fatimi, nomir brata lambar ɗan'uwa, tilifon mami wayar mama. Haka in zaka ce wane yana da kaza, u brata yest mashina ɗan'uwa yana da mota, u mami nyet tilifona mama ba ta da waya. Kaga ƙa'ida ɗaya ta yi maka aiki uku, shi yasa na ce a dage a kanta.

Saura svoy, wadda mu bamu da irinta kai tsaye. Da Hausa in na ce ya ɗauki fasfonsa, baka san ko nasa na kansa ba ne ko na wani, sai an ƙara bayani. Su sun raba. On vzyal svoy paspart, nasa na kansa ya ɗauka. On vzyal yivo paspart, na wani mutum daban ya ɗauka. A wurin da kaya suke ɓata kullum wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuskuren kalma ɗaya sai ka jawo wa bawan Allah zargin da bai ji ba bai gani ba. Ƙa'idar ita ce in mai aikatawa shi ne mai abin svoy zaka sa, musamman in kana maganar shi ko ita ko su, tana canzawa kamar moy, wato svaya, svayo, svai. Jimla ɗaya da zaka riƙa faɗa kullum da ita, ni zabuttye svoy tilifon, kar ku manta wayarku.

Yadda zaka yi atisaye, ka zaɓi kaya goma da aka fi tambayarka a wurin aikinka, ka nemo sunansu da Rashanci ka saurari yadda ake furtawa a waya, domin rubutun da na yi da haruffanmu kusantarwa ne kawai, yarensu yana da wurin jan murya a kowace kalma da kuma wani wasali ы da ke tsakanin i da u wanda sai kunne ya ji. Kowane kaya ka faɗe shi sau huɗu da babbar murya, da yest, da nyet, da moy ko maya, da vash ko vasha. In alhaji ya shigo ba cunkoso ka gwada a kansa, suna murna sosai in suka ji baƙo yana ƙoƙari kuma za su gyara maka nan take. Sannan ka daure ka koyi haruffansu, 33 ne, ka fi kula da masu kama da na boko amma ba su ba ne, Н n ce, Р r ce, С s ce, В v ce, У kuma u. Ka sa madannin Rashanci a jawwal ɗinka tun yau, in mai saye ya karɓi lambarka ya turo saƙo a WhatsApp yana tambayar у вас есть, ka iya mayar masa da есть ko нет ko завтра будет da hannunka.