Yadda ake karanta tsohuwar taswirar kwarin noma a tsakanin duwatsu

Kafin ka nemi gona ko rafi, fara duba rubutun da ke gefen takardar. Shekarar da aka buga taswira daban, shekarar da masu safiyo suka auna ƙasar daban, kuma abin da ke jiki na lokacin awon ne.

Sai ma'auni. A taswirar Siegfried ta Suwizalan, wadda aka fara fitarwa a 1870, an zana yankin tsaunukan Alps a kan 1:50,000, wato kowane santimita ɗaya mita 500 ne a ƙasa, kuma tsakanin layin tsayi (layin da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya) da na kusa da shi akwai bambancin tsayi na mita 30. A wurin manomi wannan tazara ba kaɗan ba ce: ɗan tudun da ke hana ruwa shiga gona sai ya ɓace tsakanin layi biyu. Wadda ta gabace ta, taswirar Dufour (1845 zuwa 1865), ba ta da waɗannan layukan sam, gajerun zane-zane kawai ke nuna gangare. Tana da kyaun gani, amma ni ba na auna komai da ita.

Inda layukan suka matse, gangare ne mai tsanani. Inda suka buɗe, nan gonaki da gidaje suke taruwa. Idan layi ya tsallaka rafi yakan yi tsini, kuma tsinin yana fuskantar inda ruwan ya fito.

Wajen gwada tsohuwar da sabuwa ne ake yawan ruɗewa. Ɗora su bisa abin da ba ya motsi, kamar ƙololuwar dutse ko tsohon coci. Kada ka dogara da kogi, domin a kwaruruka da yawa an miƙar da shi an yi masa shinge don a samu filin noma. Hanya ma takan sauya. Shafin intanet na swisstopo, hukumar taswira ta Suwizalan, yana jera bugu-bugun shekara bayan shekara, haka shafin topoView na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka. A na Amurka, abin da aka zana da shunayya gyara ne daga hoton jirgin sama, ba a je wurin an tabbatar ba.

Ni dai iyakar daji na fi bi da yatsa. A kwaruruka da dama na Alps, makiyayar da tsohuwar taswira ta nuna fili ce, yau itatuwa sun rufe ta tun da aka rage kai shanu can. Nemi ɗigon bukkar makiyaya a wurin, ka bi siririyar hanyar da ta sauko daga ita, za ta kai ka ƙauyen da ke kiwo a can.