Idan Mai Gida Ya Ce a Rage Zuwa: Yadda Ake Yanka Kuɗin Wanke Gilashin Taga a Legas

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa a Legas yake lallaɓa aljihunsa, kuma wankin gilashin taga na cikin hidimomin da ake fara ragewa. Gidan da ake zuwa duk wata sai a wayi gari an ce a koma bayan wata uku. Wannan ba laifi ba ne, mai kuɗi shi ke da ikon kuɗinsa. Inda ake tafka asara shi ne mai wanki ya amsa da "to, ba damuwa" ya bar farashin yadda yake, alhali aikin da zai tarar bayan wata uku ba irin na da ba ne.

Gilashin da aka wanke wata guda da ya wuce ƙura ce kawai a kansa. Ka jiƙa shi da ruwan sabulu, ka ja robar gogewa sau ɗaya, ka share gefe da tsumma, an gama. Wanda ya yi wata uku ko shida kuwa, dauɗarsa hawa-hawa ce, kuma kowace unguwa da irin tata. A Victoria Island da Lekki, inda iskar teku ke kaɗawa, gishiri yake sauka a kan gilashi, ya jawo laima, ƙura ta manne masa, har gilashin ya yi dishi-dishi. Gishirin nan kuma shi ke cin firam ɗin alminiyom yana bar masa farin gari. A gidajen da ke bakin manyan tituna a Ikeja, Oshodi ko Apapa, hayaƙin mota ne mai maiƙo, wanda ruwa zalla ba ya fitarwa. Tagar da ke kallon ɗakin janareta, a ko'ina take, ita ce mafi wahala a gidan. Sai kuma gidan da ake gini a maƙwabtansa: ƙurar siminti in ta sha ruwan sama ta bushe, ta sake sha ta sake bushewa, kama gilashi take yi ta ci fuskarsa, kuma in ta kai nan babu sabulun da zai dawo da shi. Haka ruwan bohol mai ƙarfe, wanda ake fama da shi a wurare da dama a yankin Lekki; in mai ban ruwan fulawa yana fesa shi a taga kullum, jan tabo yake bari.

Ka zuge taga mai zamiya wadda ta yi wata huɗu ba a taɓa ba, ka duba kwararon da take gudu a kai. Za ka ga yashi da ya dunƙule da ruwa ya zama laka, matattun ƙwari, saƙar gizo-gizo a kusurwa, ƙananan ramukan fitar ruwa sun toshe, tayar tagar tana ƙara in an tura. Sai ka sa ƙaramin buroshi ka kwashe wannan tun yana bushe, sannan ka kawo ruwa, in ba haka ba laka za ka dama. Taga ɗaya tana iya cin minti biyar a nan kaɗai, kafin ka taɓa gilashin. Ninka shi ashirin in gidan mai tagogi ashirin ne.

Saboda haka lokaci za ka sa wa kuɗi, ba yawan tagogi ba. Kowane zuwa yana da kashe-kashen kuɗi iri uku: kuɗin mota, wanda ba ya canzawa ko aikin awa uku ne ko bakwai, kayan aiki, wato sabulun ruwa, ruwan khal, reza, tsumma da robar da ke lalacewa, sai ladan hannu, naka da na yaronka, a kan kowace awa. A kan jimlar nan ake ɗora riba.

Ga misali, kuma alƙaluman na gwaji ne, kowa ya sa nasa. Gida ne mai bene ɗaya, tagogi 20, ciki da waje, mutum biyu ke aikin. Ladan mutum ɗaya a awa naira 2,500, kuɗin mota zuwa da dawowa 6,000, riba kashi 30 cikin ɗari. In duk wata ake zuwa, awa uku ta isa: lada 15,000, kaya 2,000, mota 6,000, jimla 23,000, farashi ya kama 30,000. In bayan wata biyu ne, aikin ya koma awa huɗu, kaya 2,500, jimla 28,500, farashi 37,000. Bayan wata uku, awa biyar, kaya 3,500, jimla 34,500, farashi 45,000. Bayan wata shida kuwa awa bakwai ce, kaya 5,000, jimla 46,000, farashi 60,000.

Yanzu dubi abin da zai faru da wanda ya yarda ya koma zuwan wata uku a kan tsohon farashin 30,000. Yana kashe 34,500, yana karɓar 30,000. Duk zuwa yana cike naira 4,500 daga aljihunsa, kuma ba zai gane ba, domin daga ladansa ake zaftarewa, shi dai ya ga ya dawo gida a gajiye kuɗin ba su yi auki ba. Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba. Aikin awa uku yana barin ka ka haɗa gida biyu a yini. Na awa bakwai ya cinye yinin gaba ɗaya, musamman ga wanda zai taso daga Agege ko Idi-Araba ya haye gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, da asuba ya dawo cikin cunkoson yamma. Tun watan Yunin 2022 kuma an hana acaɓa a Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi, ko da ma ba a hana ba tsani ba kayan babur ba ne. In aikin na buƙatar dogon tsani, kuɗin motar da za ta ɗauko shi ya shiga lissafi daban.

Wajen faɗa wa mai gida sabon farashi ne ake yawan ɓata ciniki. In ka buɗe baki da "zai koma 45,000", abin da kunnensa zai ji shi ne ya nemi ragi an yi masa ƙari. Fara da kuɗin shekara. Ka ce, "Hajiya, yanzu a shekara kina biyan 360,000. In muka koma bayan wata uku, 180,000 za ki biya, rabi ke nan. Sai dai kowane zuwa zai zama 45,000, don aikin da muke gamawa kafin azahar zai kai mu la'asar." In ta ce, "Haba Malam, ai tagogin ba su ƙaru ba," kada ka tsaya musu. Ka ce, "Gaskiya ne, ranki ya daɗe, amma zo ki ga wannan," ka zuge mata taga ɗaya ta bayan gida ta ga kwararon da idonta. Ka ba ta zaɓi uku a rubuce ta WhatsApp, kowanne da kuɗin zuwa da kuɗin shekara. Mutum in ya ga zaɓi a gabansa, tunanin wanne zai ɗauka yake yi, ba tunanin sallamarka ba.

In an taya ƙasa da abin da kake kashewa, ka ce albarka, amma kada ka tsaya nan. Rage aikin maimakon kuɗin. Dauɗar waje ta fi ta ciki saurin taruwa, don haka ana iya wanke waje duk zuwa, ciki kuma a tsallake zuwa ɗaya. Ana iya ware falo da tagogin gaba a riƙa yi musu duk wata, ɗakunan sama su jira. Ragar sauro da ƙarfen kariya su ma a fayyace ko suna ciki, domin wanke gilashi ta tsakanin ƙarfe yana ninka lokaci, taga mai faifan gilashi jere kuwa ɗaya bayan ɗaya ake bin ta, gaba da baya. Hanya mafi kyau ta yin ragi na gaskiya ita ce haɗa gidaje: in mai gida ya samo maka maƙwabci a rukunin gidajensu kuka sa rana ɗaya, kuɗin mota ya rabu biyu, sai ka rage wa kowa 3,000 ba tare da ka taɓa ribarka ba.

Ga wanda zai iya biyan zuwa uku kawai a shekara, kada a raba watannin daidai wa daida, a bi yanayin garin. Ruwan Legas yana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, sannan hazon hunturu ya shigo tsakanin Disamba da Fabrairu. Zuwa ɗaya a farkon Disamba bayan ruwa ya ɗauke, ɗaya a farkon Maris bayan ƙura ta kwanta, ɗaya a Agusta. Na Agustan ya fi tsada, don tazararsa wata biyar ce kuma damina ta bar gansakuka a bakin tagogin da rana ba ta kaiwa. Wankin Sallah a yi maganarsa daban, tun da ranarta tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kuma a satin nan kowa nemanka yake.

Sharuɗɗa biyu ne bai kamata su fita daga yarjejeniyar ba. Na farko, farashin na tazarar da aka ambata ne: in aka ɗage zuwan wata uku har ya kai wata biyar, kuɗin wata shida za a biya. Ba tare da wannan ba, "ku bari sai wani satin, Alhaji ya yi tafiya" zai mayar da aikin sau huɗu ya koma sau biyu a shekara a kan farashin zuwan wata uku. Na biyu, farashi yana aiki na wata uku ne ko shida, sannan a sake duba shi. Wanda kake gani duk wata kana iya yi masa ƙari kaɗan-kaɗan. Wanda kake gani sau biyu a shekara, kafin ka dawo kuɗin mota da na sabulu sun tashi. A manyan ayyuka ka karɓi kafin alƙalami, ko da kashi ɗaya cikin uku. Kamfanoni kuma sukan cire harajin riƙo, wato wani kaso na kuɗinka da suke miƙa wa hukumar haraji, kafin su biya, wasu su ja makonni, don haka ka tambayi akawunsu tun kafin ka rubuta farashi.

Gidan da ka samu sabon ciniki, wanda aka daɗe ba a wanke ba, zuwan farko a kan kuɗin wata shida yake ko fiye, ko da za a ci gaba da zuwa duk wata. Kafin ka sa ruwa, ka zagaya da mai gidan ka ɗauki hoton duk gilashin da ya tsage, da wanda ledar da aka manna masa don ya yi duhu ta fara ɓarewa, da wanda tabo ya riga ya ci. Gwada tabon a kusurwa: ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti biyar a jiƙe, a goge. In ya fita, aiki ne, ka sa masa kuɗi a kan kowace taga. In bai motsa ba, ka faɗa tun a lokacin cewa ba zai fita ba. Kada khal ya ɗiga a kan dutsen mabul, yana cin sa. Reza kuma sai sabuwa, a kan jiƙaƙƙen gilashi, a kwance, tura gaba kawai, kuma ba a sa ta a kan leda ko gilashi mai rufin launi. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinta ta isa ta ja layin da kuɗin canjin gilashin zai fi kuɗin aikin gaba ɗaya.