Yadda zaka ƙiyasta awa nawa Galapagos zai ci kafin ka danna shi

Duk ɗalibin zanen gini a nan Bauchi da ya taɓa kunna Galapagos (na'urar da ke ta gwada siffofi da kanta har ta samo mafi kyau) a Grasshopper (manhajar zane ta haɗa akwatuna da ke cikin Rhino) ya san wannan zaman jiran, ka danna ka zuba ido, awa biyu awa uku abu bai tsaya ba, ga cajin laftof na ƙarewa ga wuta ba tabbas. Wallahi abin na damuna, don lissafin bai fi na minti biyar ba.

Fara da auna gwaji ɗaya. Kunna furofaila (Profiler, mai auna lokaci) a menu na nuni (Display), zai rubuta milisakan nawa kowane akwati ke ci a ƙasansa. Amma ni na fi yarda da agogon waya, ka motsa silaida (majanyin da ke canza lamba) ɗaya ka ƙirga har komai ya gama sabuntawa, ka yi haka sau biyar a wurare daban daban ka ɗau matsakaici, saboda wani siffar ya fi wani nauyi.

Sai ka ninka. Galapagos, wanda David Rutten ya rubuta, yana zuwa da 'ya'ya 50 (wato gwaji 50) a kowane zubi, zubin farko kuma ninki biyu ne wato 100. A ce kana gwada kusurwar katakon inuwa a bangon yamma da Ladybug (mai lissafin rana da yanayi) don zafin watan Maris da Afrilu, gwaji ɗaya daƙiƙa 3. Zubi ɗaya daƙiƙa 150 kenan, minti biyu da rabi. Zubi 100 awa huɗu da 'yan mintuna.

Inda mutane ke ruɗewa shine Galapagos bashi da adadin zubi tsayayye. Yana tsayawa ne in ya yi zubi 50 a jere ba ci gaba, kuma da ya samu ɗan gyara ko ƙanƙani sai ƙirgen ya koma farko. To a misalinmu wutsiyar nan kaɗai awa biyu ce da minti biyar bayan ya riga ya samu amsarsa. Shi yasa nake barinsa ya yi zubi goma ina kallon layin ci gaban, in ya fara kwanciya sai na rage 50 ɗin zuwa 15 ko 20, ko na sa masa iyakar lokaci daidai da abin da batir ko janareto zai ɗauka.

Wallacei, wani mai irin aikin Galapagos, ya fi sauƙin lissafi, gwaji 50 sau zubi 100 gwaji 5000, a daƙiƙa 3 awa huɗu da minti goma.

In lokacin ya yi yawa rage nauyin gwajin kafin ka taɓa komai, kashe nunin siffofi, rage yawan wuraren da Ladybug ke aunawa, silaida mai lamba uku bayan ɗigo maida ita lamba ɗaya, babu magini a Yalwa da zai yanka maka katako a kusurwar digiri 32.417. Daƙiƙa 3 ta koma 1, awa huɗu ta koma awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai.