Fayil ya ɓace a kwamfuta? Ga inda nake fara dubawa

Ina da ɗan shago na buga takardu kusa da wata jami'a. Kwanan baya wata ɗaliba ta shigo da laftof a hannu, idonta ya yi ja, ta ce babi na huɗu na aikinta na kammala digiri ya ɓace, ga shi jibi za ta miƙa wa malaminta. Na ce mata, "Ƙanwata, zauna tukuna. Yaushe kika yi aiki a kansa na ƙarshe?"

Da wannan tambayar nake farawa kullum. Mutum yakan manta sunan da ya sa wa fayil, amma da wuya ya manta cewa daren Talata ya kwana yana rubutu.

Idan takardar Word ce, buɗe Word ɗin, ka danna File, sannan Open, ka duba Recent. Fayilolin da ka buɗe a 'yan kwanakin nan suna jere a wurin, kuma ƙarƙashin kowane suna an rubuta foldar da yake zaune. Sau da yawa a nan ake gama magana.

In bai fito ba, danna maɓallin Windows tare da E, File Explorer zai buɗe. A nan mutane ke kuskure: sai su yi bincike alhali suna cikin folda ɗaya, kwamfutar kuwa cikin foldar kaɗai za ta duba. Zaɓi This PC tukuna. A akwatin bincike na sama ta dama, rubuta *.docx datemodified:this week. Tauraron nan yana nufin kowane suna, sauran kuma yana nufin abin da aka taɓa a makon nan. In PDF kake nema sai ka sa *.pdf, in hoto ne *.jpg. Ka yi haƙuri, tsohuwar kwamfuta takan ɗauki mintuna. Da sakamako ya fito, jera shi bisa Date modified, sabon ya hau sama.

Haka muka gano nata. Yana cikin Downloads, da sunan da malaminta ya sa masa lokacin da ya turo mata gyara. Ta buɗe shi daga can ta ci gaba da rubutu, tana ta ajiyewa, ita kuma tana nemansa a Documents da sunan da ta sani. Ba ta ce komai ba sai "Alhamdulillahi" har sau uku.

Wanda aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar rubutu, ya koma Recent ɗin Word, a ƙasa akwai Recover Unsaved Documents. Word kan ajiye kwafi da kansa duk minti 10, matuƙar ba a canza saitin ba.

Filashi kuma nasa daban ne. Ka sa shi a kwamfutar da ke da bairos, ka dawo gida ka tarar foldojinka sun zama shotkat (alamar gajeriyar hanya mai ɗan kibiya a jiki), ko babu komai, amma wurin ajiya ya nuna a cike. Kada ka danna shotkat ɗin, kada kuma ka yi fomat (wato share duk abin da ke cikin filashin), don Allah. Ɓoye su kawai aka yi. Buɗe Command Prompt (wurin rubuta wa Windows umarni) ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, amma ka musanya E da harafin da filashinka ya samu. Za su dawo. Kwashe su, sannan ka wanke filashin da antibairos.

Abin da aka goge bisa kuskure, leƙa Recycle Bin. Sai dai wanda aka goge daga filashi, ko da Shift da Delete, ba ya bi ta can. A wannan hali ka daina ajiye komai a wurin nan take, domin sabon abu na iya hawa kan gurbin tsohon. Manhajar Recuva kyauta ce, takan ceto wasu. Ka girka ta a wani diski daban, abin da ta ceto ma ka ajiye shi a wani wuri.

Ni a shago manhajar Everything nake amfani da ita. Ita ma kyauta ce, kana buga haruffa uku na sunan fayil tana jero maka duk inda yake. Na sa wa ɗalibar nan ita kafin ta tafi, muka canza wa babin suna, ta tura wa kanta kwafi ta imel tana zaune a gabana.