Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin turirin kitse

Na daɗe ina karɓar samfurin ɗalibai a ɗakin gwaji a nan Kano, kuma ba abin da ke sosa mini rai kamar aikin da ya lalace tun ba a kunna na'urar GC-MS ba, wato na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin turirin kitse ta nuna ko waɗanne ne.

Ɗalibi zai je Kwata da sassafe, mahauci ya ƙulle masa kitsen sa a baƙar leda, ya shiga adaidaita sahu da shi cikin zafin Afrilu. Kafin ya iso kitsen ya yi laushi, iska ta fara cin sa, warin ledar ma ya kama shi. Sai ɗalibin ya ga heksanal, sinadarin da ke fitowa idan iska ko zafi sun ci kitse, ya yi yawa, ya ce soyawa ce ta jawo, alhali tun a hanya aka haife shi. A sa kitsen a kwalbar gilashi mai duhu, a cikin kula da ƙanƙara, da isowa sai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri. In wuta ta ɗauke har ya narke, a koma Kwata kawai.

"Na soya har ya yi hayaƙi" ba awo ba ne. Tamomita ta shiga cikin kakiden, a rubuta digiri 180 ne ko nawa, da mintunan da ya ɗauka, domin heksanal da ɗan'uwansa nonanal suna ƙaruwa gwargwadon wuta da lokaci. Haka wajen ɗumama kwalba kafin a zura zaren SPME, siririn zaren da ke kamo turirin a kai shi na'ura: digiri 60 na minti 30 ya wadatar. Wanda ya zarce sosai, sabuwar suya yake yi a cikin kwalbar.

Sai rashin fara gwada kwalbar da ba komai a ciki. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini sakamako cike da toluwin, sinadarin da ake samu a fetur da hayaƙinsa, tana murna. Na ce, "'Yata, leƙa taga." Janareto ne ke ta tuƙa hayaƙi daidai teburin da take buɗe kwalabenta. Mako uku na aikinta ya tafi. Siloksen kuwa, wani sinadarin da kan fito a sakamako, yawanci daga zaren ne ko marfin kwalba, a cire shi daga lissafi.

Sunan da rumbun NIST, kundin sinadaran da kwamfutar na'urar ke kwatanta sakamako da shi, ya fara kawowa kada a kwafe shi ido rufe. A saka jerin alken (alkane), sanannun sinadaran da ake auna lokaci da su, a lissafa lokacin fitowar sinadarin, in ya dace da wanda aka san sinadari mai wannan suna da shi, sannan a rubuta.