Saita Hoton Talabijin da Faifan Gwaji: A Fara da Baƙi

Ranar da aka kawo bidiyon bikin ƙanwata, mun taru a falonmu na Unguwar Rogo, na saka shi a sabuwar talabijin da na sayo. Da aka nuno wurin ɗaurin aure, Inna ta matso kusa ta ce, "Kai, wannan Kawunka ne? Ina aikin da ke gaban rigarsa?" Babbar riga ce ta farar shadda, aikin hannu fari a kan fari, amma a allon ta koma tamkar farar takarda. Fuskarsa kuma, da yake a inuwar rumfa suke zaune, ta dushe, sai idanu. Har na fara ganin laifin mai ɗaukar bidiyon, sai na buɗe shi a waya na ga komai ras.

Saitin shago ne ya biyo talabijin ɗin har gida. A shago ana ƙure haske da kala don ta ja idon mai saye a tsakiyar fitilu. Wannan saiti yana haɗiye duk abin da ke kusa da baƙi, ya ƙone duk abin da ke kusa da fari. Mu da fatarmu ke da duhu, kuma muke son fararen kaya, mu ya fi cuta.

Maganinsa hotunan gwaji ne, waɗanda aka san ainihin yadda ya kamata su fito. Akwai su a faifan Spears & Munsil da na Digital Video Essentials, amma sai kana da na'urar kunna faifai. Ni AVS HD 709 na sauke daga intanet, kyauta ne, na zuba shi a filashi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A nan Jos aka fara watsa talabijin mai kala a Najeriya a 1975, kuma manyanmu sun san layukan kalar nan da ake nunawa kafin tasha ta buɗe da yamma. Don irin wannan aiki aka yi su.

Ka yi aikin a lokacin da kuka saba kallo, da irin hasken da kuka saba. Ni bayan isha'i na yi. Goge ƙurar hunturu daga allon da busasshen ƙyalle mai laushi, ka bar talabijin ɗin a kunne kamar rabin awa, sannan ka ɗauki hoton tsohon saitin da waya ko da za ka so komawa. Daga nan ka fita daga tsarin da aka rubuta Vivid ko Dynamic, ka zaɓi Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode idan taka ta 2020 zuwa sama ce kuma tana da shi. Kashe duk abin da ke sauya haske da kansa, har da na tsimin wuta, domin ba a awo da mudun da ke canza girma.

Yanzu baƙi. A nan nake so ka ba da lokacinka.

A bidiyo, an kasa haske daga lamba 0 zuwa 255. Lamba 16 ita ce baƙi, 235 ita ce fari. Hoton gwajin baƙi yana nuna sanduna a jere, kowace da lambarta, suna ƙyaftawa. Injiniyoyin BBC ne suka fara fito da dabarar, suna kiranta PLUGE. Abin da ke juya baƙi a rimot shi ne wanda aka rubuta Brightness, duk da sunan yana ruɗar mutane su ɗauka ƙarin haske ne. A wasu sababbin talabijin an mayar da sunan Black Level. Ɗaga shi sama har ka ga dukkan sandunan suna ƙyaftawa, har da na ƙasa da 16. Sai ka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, kana dakatawa. Inda 16 da na ƙasa da ita suka ɓace cikin baƙi, 17 kuma da ƙyar kake hango ta, nan ne wurin. Daga kujerar da kake zama za ka duba. Ni na fara yi ina tsugune gaban allon, da na koma kujera sai na ga har 19 ta ɓace, dole na sake.

Idan ka yi ƙasa da yawa, gashi da hula da inuwar fuska za su haɗe su zama dunƙule ɗaya, abin da ya sami Kawu ke nan. Idan ka yi sama da yawa, baƙi zai koma toka, hoton ya yi kamar an kalle shi ta cikin hazo. Idan kuma ka juya iya juyawa sandunan sun ƙi fitowa daidai, duba saitin baƙi na HDMI, wato wayar da ke kawo hoto daga dikoda ko wata na'ura zuwa talabijin. Wata na'urar tana aiko 0 zuwa 255, talabijin kuma tana jiran 16 zuwa 235. Sai bakinsu ya zo ɗaya.

Fari na hannun Contrast. Buɗe hoton gwajin fari, ka tabbata sandunan 230 zuwa 234 suna bayyana daban-daban. Idan sun narke cikin fari, sauko. Ka lura kuma ko farin ya fara ɗaukar ruwan hoda, alamar ya yi yawa ce. Bayan haka ka koma ka sake duba baƙi, domin taɓa ɗaya yana motsa ɗayan.

Idan hoton ya yi maka duhu ko yana kashe ido, fitilar bayan allo za ka taɓa, wadda aka rubuta Backlight. Ita ce kuma ke shan mafi yawan wuta, don haka mai amfani da sola ya rage ta da dare, batirinsa zai ƙara jimawa.

Kaifin hoto, wato Sharpness, ba ya ƙara komai a kan abin da aka ɗauka. Farin zane kawai yake yi a gefen abubuwa. A hoton gwaji mai baƙaƙen layuka a kan toka, rage shi har farin zanen ya tafi, ka tsaya kafin layin ya fara dushewa.

Kala kuwa ban wahalar da kaina ba. Faifan saye yakan zo da shuɗin gilashin leda da ake leƙa layukan kala ta ciki, wasu talabijin kuma suna da tsarin nuna shuɗi zalla. Ana juya kalar har sandunan da ke haɗe su zama shuɗi iri ɗaya. A tawa, tsarin Movie ya riga ya yi kusa, ban motsa ba. Wanda ya fi muhimmanci shi ne ɗumin fari. Ma'aunin da masu haɗa fim ke aiki da shi ana kiransa D65, kusan digiri 6500 a ma'aunin Kelbin, kuma zaɓin Warm ne ya fi kusa da shi. Zai yi maka kamar rawaya-rawaya da farko, saboda idonka ya saba da fari mai shuɗi. Ƙanena ya ce na ɓata talabijin. Na ce ya ba ni kwana uku. A na huɗu na mayar masa tsohon saitin ya gani, shi da kansa ya ce in cire.

Idan lissafin ƙwallo da ke kusurwa yana yankewa, nemi Just Scan ko Screen Fit a saitin girman hoto. Akwai kuma shafin daidaita ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya. Wannan sai da na'urar awo, kada ka shiga da ido kawai.

Abu ɗaya da ya kusa mayar da ni baya: talabijin da yawa suna riƙe saitin kowace kafa daban, wato kowane wurin da ake jona filashi ko wayar dikoda. Abin da ka gyara a filashi ba lallai ya bi dikodar DStv ko StarTimes ba. Rubuta lambobinka, ka shigar da su a kowace kafa. Bidiyon HDR ma, wato nau'in bidiyo mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, saitinsa daban ne. Kada kuma ka kwafi lambobin maƙwabci, ko da talabijin ɗinku iri ɗaya ce, ɗakunanku ba ɗaya ba ne.

Da na gama, na kira Inna na sake saka bidiyon. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna da yatsa ta ce, "Yauwa, aska takwas ce. Ga Kawun naka nan har da furfurarsa." Lambobin na rubuta a takarda na manna a bayan talabijin ɗin, saboda yaran gidan ba sa barin rimot ya huta.