Kada a yi gaggawar zuba kifi a sabon tankin ruwan gishiri

Jama'a, ruwa ya yi garau ba shi ke nufin tanki ya shirya ba. Bayan kun haɗa ruwan da gishirin teku na musamman (ba na miya ba), ku sa duwatsu da yashi, ku jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, sannan ku jira mako 4 zuwa 6. A wannan lokacin ne bakteriya masu amfani ke yaɗuwa, suna mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci) zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, daga nan zuwa naitiret mai ƙarancin illa. Ku riƙa gwaji, sai amoniya da naitirait sun koma sifili. Nauyin gishiri (wato nauyin ruwan tankin in an kwatanta da na ruwa zalla) ya tsaya wajen 1.025, zafin ruwa digiri 24 zuwa 26.

Ku fara da kifi ɗaya ko biyu masu juriya, kamar kilawunfish (ƙaramin kifin teku mai launin lemo da farin ratsi), sannan a ba da tazarar mako 2 zuwa 3 kafin ƙari. In aka zuba da yawa lokaci guda, kashinsu ya fi ƙarfin bakteriyar, amoniya ta ƙona musu gaɓoɓin numfashi, ka gan su a saman ruwa suna haki.

Ruwan da ya ƙafe kuwa, a cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin yana nan a ciki.